Bayan Denga Mai Zakara

Kasimov, watan Oktoba

Aminina Gayaz,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka da sauƙi. Ya jikin? Hannun daman ya fara motsawa kuwa? Ka gaida mini 'yarka Rauza da maigidanta da jikokinka. Allah ya biya ta wahalar da take sha, don na san jinyarka ba ƙaramin aiki ba ne, kai da ko mura ce ta kama ka sai duk unguwa ta sani. Ni lafiyata ƙalau in ka cire gwiwa, ita kuma ka san ba yau ta fara ba.

Kada ka ga ban kira ka a waya ba ka ce fushi ne. Ka san kunnena, a waya rabin magana nake ji, sauran rabin in ƙirƙira. Kuma Rauza ta ce tun da ɓarin jikin nan ya shanye, magana tana gajiyar da kai. Takarda kuwa in ka gaji da ita sai ka ajiye ka ɗora mata kofin shayi.

Tun ranar da 'yarka ta zo ta kwashe ka zuwa Kazan ban sami wanda zan yi wa gardama ba. Ranar Lahadi ina zuwa ɗakin karatu kamar kullum, in zauna a teburinmu na kusa da taga. Masu tara kan sarki suna can suna surutunsu, masu manyan kuɗin nan na inji suna ta goge su da hannun riga. A duk garin nan mu biyu ne muke tara ƙananan tsoffin kuɗin nan da ake kira ɓawon kifi, yanzu saura ni kaɗai. Kujerarka kuma Vadim mai kantin magani ya mayar da ita wurin rataye kwat. Na yi masa magana sau ɗaya, ya yi dariya ya ce in ka dawo zai cire. Na koma kan tirena, amma na ji abin.

To ga dalilin takardar. Klavdiya maƙwabciyata tana tonon dankali a bayan gida sai ta ga wani ɗan abu baƙi-baƙi kamar ƙwayar kankana. Ta ƙunso shi a hankici ta kawo mini, wai ko irin tarkacen nan namu ne. Gayaz, denga ce, 'yar tsabar azurfa tsohuwa, ta zamanin da sarakunanmu ke kai wa naku na Tatar haraji. Sai da na yi mata bayanin nan da muka yi wa mutane har bakinmu ya gaji, cewa wayar azurfa ake yankawa gutsi-gutsi, a buga kowane gutsure ya baje, a sa shi tsakanin hatimi biyu na ƙarfe a maka masa guduma, kuma da yake hatimin ya fi gutsuren faɗi, rabin rubutun a iska yake sauka. Ta saurara har ƙarshe da baki buɗe, sannan ta tambaye ni ko ƙasar wurin ce ta sa dankalinta bai yi girma ba bana. Ta bar mini dengar, na ba ta kwalbar zuma.

Gaban na duba, wannan aikina ne. Zakara ne yana kallon dama, wutsiya a tashe. A gefe kalmar "sarki" kawai ta hau, sunan sarkin ya tafi iska. Bayan kuwa naka ne, layi uku na rubutunku na Larabci. Abin da nake so in sani, rubutun gaske ne mai sunan wani Han, sarkinku na Tatar, a ciki, ko kuwa irin kwaikwayon nan ne na maƙeranmu da ba su san ko alif ba, suna zana ƙugiyoyi kawai don ta yi kama da kuɗin Tatar a kasuwa? In na gaske ne, sunan Han zai ba mu zamani, zamani kuma ya ba mu sarkin zakaran. In ba haka ba ta koma cikin marayun ƙasan tire, waɗanda ba mu san sarkinsu ba.

Shekara talatin da ɗoriya muna haka, gaba nawa, baya naka. Ban taɓa koyon harafi ɗaya na Larabci ba, don me zan koya ina da kai? Ga hotonta nan, na ɗora takarda mai shara-shara na goga da fensir. Ka sa tabarau ka duba a tsanake, in hannun bai yarda ba ka faɗa Rauza ta rubuta. Na ba ta gurbi ita kaɗai a tire, ban rubuta komai a ƙarƙashinta ba, kai take jira.

Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi kafaɗarka.

Naka,
Yefrem

Kasimov, watan Disamba

Gayaz,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki yana ƙara kyau, da fatan su Rauza duk suna lafiya. Na gama gaisuwa, yanzu faɗa zan yi.

Wai me na yi maka ne? Ganye ya gama zuba, kogin Oka ya daskare har masunta suna zaune a kansa, kai ko uffan. Kullum in na ji motsin mai kawo wasiƙa sai in sauko bene da gwiwar nan, in buɗe akwati in tarar da tallan masu gyaran taga. Matar har ta fara girgiza mini kai tun daga nesa don kada in wahala. In Kazan ce ta shiga ranka, da manyan masallatanta da jikoki suna hawa kanka, ai sai ka faɗa. Kalma ɗaya nake nema, na gaske ko kwaikwayo, ko a bayan ambulan ne ka rubuta.

Bari ka ji abin da shirunka ya jawo mini. Na kai dengar ɗakin karatu, ba don kowa ba, don in gan ta a hasken tagarmu. Vadim ya leƙo ya ce me zai sa in zauna jiran gidan waya a wannan zamani, bari ya ɗauki hotonta da wayarsa ya sa a wani zaure na intanet inda masu tara irin namu ke haɗuwa, kafin shayi ya huce an ba ni amsa. Na ce na gode, akwai mai karanta mini. Ashe da na tashi zagayawa sai ya ɗauka. Lahadin da ta biyo yana hango ni ya taso da murmushi, waya a hannu, wai wani masani a Mosko ya karanta tun a ranar. Har ya buɗe baki zai faɗa. Gayaz, ni da furfurata, a gaban masu kan sarki da matar da ke kula da ɗakin, na toshe kunnuwana da yatsu ina waƙa da ƙarfi kamar ɗan yaye. Na suri tirena na fita, sai da na kai kasuwa na gane na bar hulata. Ban koma ba, ko don hular.

Na san ba da mugunta ya yi ba. Amma amsar wani mutumin Mosko me za ta yi mini? Zai faɗi suna ya koma harkarsa. Ba zai ce zakarana ya yi kama da kazar da ruwa ya doka ba. Ba zai ja da ni a kan wane sarki ne ba har matar ɗakin ta kashe mana fitila ta kore mu, mu ƙarasa gardamar a bakin titi hanci yana zuba.

Yanzu Lahadi ta zama kamar Talata. Da matata Zina ta rasu na ɗauka na san kaɗaici, ashe ban sani ba, don a lokacin kana zuwa da burodin naman nan naku a naɗe cikin tawul, ka zauna ka hana ni tunani da labarin Han wane ya kashe Han wane. Yanzu in na tashi sai in ɗora shayi, in fito da tire in jera, in mayar. Wani lokaci yini guda ban ji muryata ba, in na je gaida mai burodi sai ta fito a shaƙe kamar ta wani. Kewarka nake yi, tsohon banza. Ga shi na faɗa, kuma ba zan maimaita ba.

Ko hoton fensir ɗin ne bai fito ba? Ga wani. Na danna ta a takardar ƙyallin nan ta cikin kwalin shayi, na sa tsakanin kwali biyu don kada gidan waya su latse. Wannan ko makaho ne ya shafa zai karanta, saboda haka ba ka da sauran uzuri.

Ka huta lafiya, ka kuma ji kunya.

Naka mai fushi,
Yefrem

Kasimov, watan Janairu

'Yata Rauza,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya yara, ya mai jiki? Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Wannan takarda taki ce ke kaɗai, kada ki karanta masa.

Da kika kira ni jiya na yi ta cewa "to, to", wataƙila kin ɗauka ban ji ba. Na ji, bari in maimaita miki ki tabbata. Kin ce idonsa lafiya lau, yana ganin ƙuda a bango, amma haruffa sun bar shi, namu da naku duka. Kin ce bakinsa bai wuce "i" da "a'a" da sunanki ba, kuma duk lokacin da kika tambaye shi ko a gaya mini halin da yake ciki, "a'a" yake cewa. Kin ce hoton farko ya riƙe shi yana kallo har la'asar, na biyu kuma da kika karanta masa inda na ce ko makaho zai karanta, sai ya juya fuska bango ya ƙi abinci. Na ji wannan ma, da ma kunnen ya rage mini shi.

Kin roƙe ni in ci gaba da rubutowa, amma kada in ƙara aiko hoto, kada in ƙara ambaton kuɗin nan. Na yarda. Ke kike tare da shi, ke kika san abin da zai iya ɗauka.

Sai dai, 'yata, tun safe nake zaune gaban farar takarda. Ni da babanki mun yi rabin rayuwa muna magana, yau na duba na ga ban san sunan ƙauyen mahaifiyarsa ba, ban san waƙar da yake so ba. Ranar da aka binne mamanki na je masa gaisuwa, muka zauna a kicin, na rasa abin cewa, sai na fito da denga daga aljihu na tura masa a kan tebur. Ya duba ya ce kwaikwayo ce. Kuma ya gane abin da na zo faɗa masa. Mu haka muke magana. In an cire wannan ban san ta wace ƙofa zan shiga wurinsa ba, kuma tsoro nake ji kada in rasa shi yana raye. Amma zan gwada.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yara.

Kawunki,
Yefrem

Kasimov, watan Fabrairu

Aminina Gayaz,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an samu sauƙi, da fatan kowa lafiya.

Nan sanyi ya tsananta. Bututun ruwan su Klavdiya ya fashe, an gyara. An buɗe sabon kantin takalma a inda mai aski yake da. Na dafa miyar kabeji ta yi mini yawa, har yau ita nake sha. Kyanwar bene na biyu ta haihu. Gwiwa tana nan.

Na karanta abin da na rubuta, ni kaina ya sa ni hamma. Ka yi haƙuri da ni.

Allah ya ƙara lafiya.

Naka,
Yefrem

Kasimov, watan Maris

Aminina Gayaz,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk mutanen gidan, ya ƙarfin jiki?

Rauza, ki dakata, ki fara karanta wannan a zuciyarki. Zan karya rabin alkawarina. Babu hoto a ciki, babu abin da zai kalla. Amma ke kika gaya mini takardar kantin takalma ta sa shi barci tun kafin ki kai kan kyanwa, kuma ke kika ce in an sa masa karatu a rediyo leɓensa yana bi, wani lokaci har ya riga mai karatun. Ke nan kunne yana nan, kai yana nan, ido ne kawai ya daina kai masa saƙo. Ni kuma ido ne da ni, kan ne babu. In kin ga abin zai cuce shi ki tsaya a nan, ki ce masa ina gaisuwa, ba zan ji haushi ba. In kin ga da hali, ki karanta a hankali, ki riƙa tsayawa.

To Gayaz, saurara. Na ɗora dengar a kan baƙin ƙyalle, zakara a tsaye, na kifa ta, na sa gilashi. Layi biyu na sama sun cunkushe, zan fara da na ƙasa don ya fi fitowa. Na san dai daga dama kuke farawa, ko wannan na koya a wurinka.

Da farko akwai kwano a kife. Bayansa wata sanda a rataye, kanta a sama ƙafarta tana reto. Sai zobe manne da ita, shi ma da jela tana kallon ƙasa. Sai wata doguwar sanda a rataye. Sai haƙora uku suna kallon ƙasa kamar na manjagara. A ƙarshe sanduna biyu, su ma a rataye, kamar ƙanƙarar bakin rufi.

Ka ji abin da ke layin ke nan. In ka tambaye ni, shirme ne. Duk rubutun da na taɓa gani a hannunka a tsaye yake kamar mutanen kirki, wannan kuwa komai nasa rataye yake kamar wanki. Ina ganin wani maƙerinmu ne ya sha ya bugu ya zana abin da ya ga dama. Na yanke hukunci kwaikwayo ce, in ban ji komai daga gare ka ba haka zan rubuta a ƙarƙashinta.

In kuma Rauza ta tsaya a sama ba ta karanta maka ba, to ba ka ji komai ba, ni kaɗai na yi ta magana a kicin, kuma na saba.

Allah ya bar mu tare.

Naka,
Yefrem

Kasimov, watan Afrilu

Aminina Gayaz,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya maƙogwaro? Na tambayi maƙogwaro ne don na ji irin aikin da ya yi. Ina gaida Rauza gaisuwa ta musamman, ta san dalili.

Zan ba ka labarin yadda abin ya zo mini a nan, tunda kai ɓangarenka kawai ka sani. Ina feren dankali waya ta yi ƙara. Na ga lambar Kazan, na sa a raina ko faɗa Rauza za ta yi mini ko kuma abin da ya fi faɗa muni. Sai na ji muryarta, ta ce, "Kawu, riƙe da kyau, Baba ke son magana." Na zauna. Na danna wayar a kunnen da ya fi ji. Na daɗe ban ji komai ba sai numfashinka, kana ta kokawa da wani abu a baki, har na fara cewa ka bari kada ka wahala. Sai ka ce, "Jaki." Ka sake jan numfashi mai tsawo, sannan ka ce, "Juya."

Daga baya Rauza ta karɓa tana kuka tana dariya. Ta ce tun daga kwanon da ke kife ka ɗaure fuska, da ta kai kan haƙoran manjagara ka doki bargo da hannun hagu, ka sa ta maimaita, ka sake sa ta maimaita, ka ƙi abincin rana, amma wannan karon don kana neman kalma ne. Ta ce rabon da wata sabuwar kalma ta fito daga bakinka tun kaka, kuma ga shi da ta tashi fitowa a kaina ta sauka.

Kuma da gaskiyarka, abin haushin ke nan. Ni da na fi kowa sanin cewa maƙeri a hannu yake riƙe hatimin sama, yana ɗora shi yadda ya faɗo masa, babu ruwansa da inda zakara ke kallo. Na faɗa wa mutane wannan ya fi a ƙirga. Amma da yake baya ba nawa ba ne, ban taɓa tambayar kaina ina samansa ina ƙasansa ba, kullum kai kake karɓa ka daidaita kafin in ankara. Tun kaka nake kallon dengar nan ƙafa a sama.

Da aka kashe wayar na tsaya a tsakiyar kicin da wuƙa a hannu, ga labari cike da baki, babu wanda zan ba. Na sa takalmi na je na ƙwanƙwasa wa Klavdiya, na ce mata Gayaz ya ce mini jaki. Ta kalle ni ta ce in yi haƙuri, marasa lafiya haka suke, ba da nufi ya faɗa ba. Na ce wallahi da nufi ya faɗa. Ta ba ni shayi tana satar kallona, ina jin ta ɗauka na fara taɓuwa. Na dawo na ƙarasa feren dankalina ina share ido da bayan hannu.

Na san ba za ka dawo teburinmu ba. Rauza ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, amma na sani. Gidan nan shiru yake kamar da, kuma haka zai zauna. Sai dai yanzu in na fito da tire ina da wanda zan kai wa ƙara.

To na juya ta. Layin da na ce na ƙasa ashe shi ne na sama. Rauza, a hankali. Daga dama, sanda a tsaye ita kaɗai. Sai wata sanda a tsaye, ƙafarta ta miƙe hagu ta kama haƙora uku masu kallon sama. Sai doguwar sanda. Sai zobe a kwance da tuta a kansa, da wata sanda manne a bayansa. A ƙarshe kwano a buɗe, yana kallon sama.

Ni har yanzu layin bai ce mini komai ba, amma na san kai ya riga ya gaya maka. Kada ka yi gaggawar faɗa, ka ɗauki mako, ka ɗauki wata, gurbin yana nan babu rubutu. Saura layi biyu, kuma ba zan haɗa maka su a ambulan ɗaya ba. Bayansu akwai marayun ƙasan tire, kowace da bayanta, ni kuma ka ga irin karatuna. In na sake yin kuskure, Rauza tana da lambata.

Allah ya ƙara sauƙi, ya buɗe baki, ko da zagi ne.

Jakinka,
Yefrem